Manomin da Ya Ba da Aron Bakinsa

Akwai wani manomi da yake zaune a bakin wani babban kogi, shi da matarsa Keziya. Gonarsa gadon mahaifinsa ce, a kan gaɓar kogin take. Kowace damina ruwa yakan gutsuri gefenta kaɗan, har wata shekara ya zo da ƙarfi ya cinye ta duka, ya bar masa yashi. Sai manomin ya ɗaure kayansa a kan jakinsa, ya ce wa matarsa, "Tashi mu tafi ƙasar duwatsu. An ce ƙasar noma tana can kwance, ba mai taɓa ta." Keziya kuwa tana da ƙaramin ciki, na fari.

Mutanen duwatsu suka karɓe su da hannu biyu. Suka ba su ruwa, suka nuna musu wani ɗaki da ba kowa a ciki, kusa da gidan wata tsohuwa ungozoma. Amma harshensu dabam ne. Ba su jin Hausa ko kaɗan, baƙin kuma ba su jin nasu. Gaisuwa da hannu, godiya da hannu, har tambayar hanyar rijiya da hannu.

Manomin ya kasa kunne ya ji yadda maza suke gaisawa, ya riƙe a ransa. Wata safiya ya tafi gindin dutsen da dattawa suke zama, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya riƙe da babbar murya. Sai wani tsoho ya fashe da dariya, sauran suka bi shi, har ɗayansu yana share hawaye. Ba dariyar mugunta ba ce. Wani ma ya kama hannunsa yana maimaita masa kalmar a hankali domin ya gyara. Amma manomin ya fizge hannunsa, ya koma gida da zafin rai. Daga ranar bai ƙara buɗe baki a gaban kowa ba.

Keziya kuwa ta shiga gidan tsohuwar nan, tana ce da ita Iya. Da nuni da hannu ta sa Iya ta koya mata magana biyu: "Mene ne wannan?" da kuma "Sake faɗa mini." Da su ta fita. Ta nuna tulu, ta nuna gishiri, ta nuna akuya. Abin da take bukata a ranar shi take tambaya, kuma kafin rana ta faɗi sai ta nemi wanda za ta faɗa wa. In tana daka, tana maimaitawa da bugun taɓarya. A rijiya takan daɗe fiye da yadda ɗiban ruwa yake bukata, tana sauraron mata. Wata rana ta je aron taɓarya wurin wata maƙwabciya, ashe mijin matar ta roƙa a ba ta aro. Mata suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa. Da Keziya ta gane, ita ma ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma ba ta ƙara manta kalmomin nan biyu ba. Ran Lahadi ta bi su zuwa ƙaramar majami'arsu mai jinka. Labaran da ake karantawa ta san su tun tana yarinya, saboda haka takan tsinci kalma nan da can, ta kawo gida.

Ta ce wa mijinta, "Maigida, zo mu je wurin Iya. Tana da haƙuri, ba ta gajiya da tambaya."

Ya ce, "Ni da gemuna in zauna gaban tsohuwa ina nuna tukunya kamar yaro? Ke dai ki je su yi miki dariya."

Amma gajimare ya fara haɗuwa a gabas, shi kuwa bai da ko taki ɗaya na gona. Dole ne sai ya tsaya gaban sarkin ƙauyen ya roƙa da bakinsa, ga shi ba shi da bakin.

Wata ranar kasuwa ya kora jakinsa zai koma gida da tsakar rana. A inda hanya ta rabu biyu akwai wata tsohuwar tsamiya. Da suka matso, jakin ya tsaya cik, ya kafe ƙafafunsa. Iska ta ɗauke. Tsuntsayen da suke kuka a hanya duk suka yi tsit. Sai ya ji an ce, "Sannu da rana, mutumin bakin kogi."

Da Hausa aka faɗa, irin ta garinsu sak. Zuciyar manomin ta yi sanyi, domin ya daɗe bai ji namiji ya yi masa Hausa ba. Ya duba, ga wani mutum zaune a inuwa, da farar riga wadda ko ƙura babu a jikinta. Ya saki jakin ya je ya zauna kusa da shi. Kafin ya ankara ya zayyana masa duka: kogin, da dariyar dattawa, da daminar da take tahowa.

Mutumin ya ce, "Matarka ta ɗauki doguwar hanya. Shekara za ta yi tana tsintar kalma kamar kaza. Kai kuwa babban mutum ne, bai kamata a yi maka dariya ba."

Manomin ya lura da wani abu. In mutumin ya rufe leɓunansa, maganar takan ci gaba kaɗan kafin ta tsaya. Ya ce a ransa zafin rana ne yake ruɗa masa ido.

Mutumin ya buɗe tafin hannunsa. A ciki akwai ɗan baƙin dutse mai santsi, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce, "Sa wannan a ƙarƙashin harshenka. Ka yi tunanin abin da kake so da Hausa, ka buɗe baki. Zai fito da harshensu, ya fi na dattawansu daɗi."

"Zan kuma ji abin da suke faɗa?"

"Me za ka yi da ji? Mai ji bara ne, mai magana shi ne maigida."

"To, me zan ba ka?"

"Ba komai. Ka dai ara mini bakinka lokacin da ba ka amfani da shi."

Manomin ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne." Ya karɓi dutsen. Da ɗumi yake, kuma a jiƙe, kamar yanzu aka fito da shi daga bakin wani. Duk da haka ya sa. Da ya tashi ya kama jakinsa, ya waiwaya domin ya yi godiya, sai ya ga ba ya iya tuna fuskar mutumin, alhali yana kallonta.

Washegari ya tsaya gaban sarkin ƙauyen. Ya yi tunanin gona, ya buɗe baki, magana ta zubo kamar ruwa daga tulu. Dattawa suka saki baki. Sarkin ya amsa masa, shi bai ji ko kalma ɗaya ba, amma bakinsa ya mai da amsa da kansa, jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Kafin yamma aka zaga da shi aka nuna masa gona mai kyau a gindin dutse. Ruwa ya sauka, ya shuka dawa da acca. Maza suka riƙa zuwa gaishe shi.

Ya ce wa Keziya wai a kasuwa ya koyi harshen. Ta yi mamaki ƙwarai, ta yi murna. Ta ce, "To, maigida, koya mini. Yaya suke cewa naƙuda? Ina jin kunyar tambayar Iya."

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, shiru. Sai ya daka mata tsawa, ya ce ta dame shi. Abin ya tsaya wa Keziya a rai: yaya mutum zai iya jawabi a gaban sarki, ya kasa kalma ɗaya?

Da shuka ta kai gwiwa, abubuwa suka fara sakewa. Wata rana yana noma, maƙwabcin gonarsa ya zo wucewa. Manomin bai yi niyyar cewa komai ba, sai ya ji leɓunansa suna motsi. Maƙwabcin ya tsaya. Fuskarsa ta yi fari fat, fartanya ta suɓuce daga kafaɗarsa, ya juya ya tafi bai ɗauka ba. Wata rana kuma ya gamu da wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Ya yi tunanin gaisuwa kawai, amma bakin ya daɗe yana magana. Kafin dare aka raba su da kyar, ɗaya da jini a ka. Akwai wata mace da ɗanta ya rasu a bara. Ya wuce ta a hanyar rijiya, bakinsa ya faɗi wani abu da taushin murya, matar ta saki tulunta ta ruga tana kururuwa.

Mutane suka daina zuwa. In sun hango shi, sai su sauka daga hanya su bi ta cikin ciyawa. Iyaye mata suna jan 'ya'yansu cikin gida. Shi kuwa yana ganin fuskokinsu, bai san me ya faɗa ba, ba kuma wanda zai tambaya. Ya sa yatsa zai ciro dutsen, sai ya tarar nama ya rufe shi. Yana jinsa a ciki, yana bugawa kamar wata ƙaramar zuciya.

Hausarsa ma ta fara zubewa. Suna zaune gaban tuwo, zai yi addu'ar godiya kamar yadda ya saba tun yana gidan mahaifinsa, sai ya nemi kalmomin ya rasa. Ya ce, "Ya Uba..." ya tsaya. Keziya ta buɗe ido tana dubansa. Ya ce, "Ke yi." Wata rana yana jin ƙishi, ya rasa sunan ruwa, sai ƙwarya ya nuna mata da hannu.

Cikin Keziya ya tsufa. Iya ta kira ta, ta zaunar da ita, ta yi mata magana a hankali da ƙananan kalmomi domin ta gane. Ta ce, "'Yata, in haihuwa ta zo, ki zo ɗakina. Ba zan shiga gidan da mijinki yake ba."

Keziya ta ce, "Iya, don me?"

Tsohuwar ta yi bayani, amma rabi kawai ta kama. Daga ranar ta ƙara kasa kunne. In mijinta yana magana da harshen duwatsu, sai ta matso da aikinta kusa, ta kama kalma ɗaya ko biyu, ta riƙe su a baki har gidan Iya. Wasu kalmomin in ta faɗa, tsohuwar takan rufe mata baki da hannu kafin ta gaya mata ma'anarsu. Da haka, kaɗan kaɗan, ta san abin da ya faru. Ya gaya wa maƙwabcin gonarsa wani laifi da mutumin ya yi tun yana saurayi, wanda ba mahalukin da ya sani. Ya gaya wa ƙanen nan cewa wansa yana jiran mutuwarsa. Ya gaya wa matar nan cewa ɗanta yana kiranta daga cikin rijiya. Wani gaskiya ne, wani ƙarya, an cakuɗa su yadda ba mai iya rabawa. Ta kuma ji dattawa suna shawarar su kore su kafin girbi.

Ba ta riga ta san yadda za ta gaya masa ba, sai ga abin da ya faru. Wata rana da azahar ya dawo daga gona a gajiye, ya kwanta a inuwar rumbu, barci ya ɗauke shi. Keziya tana zaune kusa tana tsince wake a faifai. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Sai ta ji murya.

Ta ɗaga kai. Idanun mijinta a rufe suke, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar na mai barci. Leɓunansa ne kaɗai suke motsi. Kuma ba da ita ake magana ba. Kansa ya karkata wajen cikinta.

Muryar ta ce da harshen duwatsu, "Kai da kake ciki, kana jina? Ina jiranka. Wannan bakin ya kusa ƙarewa. Naka sabo ne."

Duk ta ji, ba kalmar da ta wuce ta. Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse a ƙasa.

Leɓunan suka tsaya. Can sai suka yi murmushi, idanun suna nan a rufe. Muryar ta ce, "Ashe kina ji. Tun yaushe?"

Keziya ta rufe cikinta da hannu biyu, ta tattara 'yan kalmomin da take da su. Ta ce da karyayyen harshenta, "Wannan ɗa na Yesu ne. Ba naka ba." Sa'an nan ta kama kafaɗar mijinta ta girgiza shi da ƙarfi tana cewa da Hausa, "Maigida, tashi! Tashi!"

Ya farka a firgice. Ta gaya masa abin da bakinsa ya ce wa ɗansu, da abin da ya ce wa maƙwabta, ɗaya bayan ɗaya. Manomin ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Da 'yar Hausar da ta rage masa, yana tsayawa yana lalube, ya ba ta labarin tsamiya da mutumin da dutsen. Tun bai gama ba ya ji leɓunansa sun fara motsi da kansu, sai ya cire rawaninsa ya ɗaure bakinsa tam.

Haka suka ratsa ƙauyen, shi da ɗaurarren baki, ita da tsohon ciki, har gidan dattijon ikilisiya. Keziya ce ta yi tafinta. Tana faɗa tana kuskure, dattijon yana ce mata, "Sake faɗa," har ya gane. Ya yi addu'a a kansu, sa'an nan ya ce, "'Yata, gaya masa: da yardarsa abin ya shiga, da yardarsa zai fita. Da bakin nan ya ɓata wa mutane, da shi zai roƙe su. Amma sai maganar ta zama tasa. Sai ya san abin da kowace kalma take nufi."

Keziya ta zaunar da mijinta a tsakar gida. Gajeriyar magana ce: "Na yi laifi, ku gafarta mini." Ta faɗi kalma ta fari, ta nuna ƙirjinsa. Ta faɗi ta biyu, ta gaya masa ma'anarta da Hausa. Bakinsa yana ɗaure, kunnensa ne kaɗai yake aiki. Tun zuwansu ƙasar, sai a ranar ya saurara da gaske. In ya so ta maimaita, sai ya taɓa hannunta.

Ran Lahadi, bayan sujada, dattijon ya tsai da jama'a a ƙofar majami'a. Har waɗanda ba su zuwa sujada suka taru daga nesa. Iya tana tsaye a gefe da sandarta. Manomin ya durƙusa a tsakiya, ya kwance rawanin. Nan da nan muryar ta fito, mai daɗi, mai santsi, ta kira sunan wata mace a cikin taron za ta fara. Ya cije harshensa har jini ya fito. Ya dubi matarsa. Ta motsa leɓunanta a hankali, ya bi ta.

Maganar ta fito a karkace. Inda ya kamata murya ta hau, ta sauka. Kalma ta ƙarshe ma ya yanke ta biyu. Sai tsohon nan da ya fara yi masa dariya a gindin dutse ya kasa daurewa, dariya ta kuɓuce masa. Ya matso da sandarsa, ya faɗi kalmar daidai. Manomin bai tashi ba. Ya dubi tsohon, ya maimaita. Tsohon ya sake gyarawa, manomin ya sake maimaitawa. Yana cikin haka sai tari ya kama shi, ya sunkuya, ɗan baƙin dutsen ya faɗo a ƙasa da gudan jini.

Ba wanda ya taɓa shi da hannu. Dattijon ya ɗauke shi da guntun fasasshiyar tukunya. Waɗanda suke kusa sun ce sun ji yana ƙananan maganganu, kamar mutum a bayan bango. Aka kai shi wani rami mai zurfi a bayan duwatsu aka jefa, ba a kuwa ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Ba duka ne suka gafarta masa a ranar ba. Wa da ƙanen nan sun daɗe ba su ci abinci a ƙwarya ɗaya ba, matar nan kuma ba ta ƙara zuwa rijiya ita kaɗai ba. Amma ba a kore su ba. Da naƙuda ta zo, Iya ta shiga gidan, ta karɓi ɗa namiji lafiyayye. Manomin ya zama mai in'ina har ƙarshen ransa, ko da Hausa. Harshen duwatsu kuwa tare da ɗansa ya koya, kuma yaron ya riga shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa.

Ƙasar duwatsu ita ce duk inda Allah ya kai ka, ka tarar ba ka jin mutane. Da yawa a cikinmu mun san ta. Wani aiki ya kai shi kudu, wata aure ya kai ta cikin wata kabila, wani makaranta ta sa shi gaban Turanci. A ikilisiyar nan ma, in mun tashi daga sujada, harsuna nawa ake ji a ƙofa? Kowa yana so ya iya da sauri, kuma wannan ba laifi ba ne. Damina ba ta jiran kowa. Tambayar ita ce, wace hanya ce mai saurin?

Manomin ya ga kamar hanyar matarsa doguwa ce. Amma ku duba: kafin girbi Keziya tana ji, tana amsawa, tana yi wa mijinta tafinta. Shi kuwa da ya yi jawabi a gaban sarki bai mallaki ko sunan ruwa ba. Me ta yi? Ta sa kunne gaba da baki. Ta tambayi abin da take bukata a ranar, ta yi amfani da shi a ranar. Ta zauna inda ake magana, ba ta kulle kanta a ɗaki ba. Ta nemi mutum ɗaya mai haƙuri ta manne masa. Da aka yi mata dariya kuma, ba ta gudu ba. Duk wannan da suna ɗaya ake kiransa, wato tawali'u. Ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba mutanen nan biyu ba. Ɗaya ta yarda ta zama ƙarama, ɗaya ya ƙi.

Mutumin gindin tsamiya shi ne Shaiɗan. Ku lura, bai zo wa manomin da harshen duwatsu ba. Da Hausar garinsu ya zo masa, da muryar gida, ya kuma taɓa shi daidai inda yake masa ciwo: "Kai babban mutum ne." Haka yake yi har yau. Dutsen kuwa shi ne duk abin da ya yi maka alkawarin baki ba tare da kunne ba. Wani laya ce da aka ce tana buɗe ƙwaƙwalwa. Wani satar amsa ce a jarrabawa. Wani kuma girman kai ne kawai, ya gyaɗa kai a taro kamar ya gane, domin kada a ce bai sani ba. Ba a taɓa ba da irin wannan kyauta a banza ba. Abin da ake karɓa a wurinka ya fi abin da aka ba ka, kuma kun ji, bai tsaya a kanka ba, har 'ya'yanka yake nema.

Akwai kuma wani harshe da dukanmu baƙi ne a cikinsa, wato harshen Mulkin Allah: gaskiya, da godiya, da neman gafara, da sa albarka. Ba wanda aka haifa da shi. Ana iya aron sa. Mutum yana iya tsayawa a gaba ya yi addu'a mai tsawo har mata su yi guɗa, kalmomi suna zuba, alhali zuciyarsa ba ta san ko ɗaya ba. Ya fita ƙofa, bakin nan dai ya raba wa da ƙane. Ina gaya muku, Allah ya fi karɓar "na yi laifi" guda ɗaya a karkace, daga mutumin da ya san abin da yake faɗa, fiye da jawabin da ba na mai shi ba.

Ku kuma da ake zuwa ƙasarku, ku zama kamar Iya, da tsohon nan da ya yi dariya amma ya matso ya gyara. Baƙon da aka bari shi kaɗai da kunyarsa, shi ne ake tarewa a hanya.

Saboda haka kada wannan mako ya wuce haka. Akwai wani a unguwarku, watakila a bencin da kake zaune yanzu, wanda ba ka jin harshen uwarsa. Je ka same shi, ka ce ya koya maka yadda ake cewa "na gode." Za ka faɗa ba daidai ba. Zai yi dariya. Ka tsaya a wurin, ka ce masa ya sake faɗa.

Ubangiji ya buɗe kunnuwanmu, ya tsare bakunanmu. Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.